Kwalba Marar Suna, Cinikin Biri a Sama

A wannan mako filin namu zai tsaya a kan wani abu wanda girmansa bai kai tafin hannu ba, amma yana ɗauke da lafiyar mai saye da arzikin mai sayarwa, wato ƴar takardar nan da ake liƙawa a jikin kwalba, wadda ƴan boko ke kira etiket.

Duk wanda ya san Maraɗi ya san irin cinikin kayan sha na gida da ake yi a cikinta. Daga babbar kasuwa zuwa tashoshin mota, daga ƙofofin makarantu zuwa bakin ofisoshi, yara ne da ƴan mata ɗauke da kuloli cike da ƙanƙara, ciki kuwa ga zoɓo, ga kunun aya, ga lemun citta, ga na tsamiya. In bazara ta kama, ko watan azumi ya tsaya, sai cinikin ya ninka. Akasarin masu wannan sana'a matan aure ne da ke cikin gidajensu a Bagalam, da Mokoyo, da Sabon Gari, da Zariya, da Ali Ɗan Sofo, kuma da ribarta ake sayen sabulu, a biya kuɗin makaranta, a tara kayan ɗakin ƴa. Banda abin sha, akwai man gyaɗa da mata ke matsewa da hannu, akwai zuma, akwai garin zogalen da ake kawowa daga fadamar Jiratawa. Dukansu a kwalba ko gorar roba ake zuba su, kuma mafi yawansu ba su ɗauke da ko harafi ɗaya da zai nuna wa ya yi su, da me aka yi su, yaushe aka yi su.

Mai saye ke nan yana cinikin biri a sama. In ya sha ya ji daɗi, ba shi da hanyar sake samun irinsa gobe, sai dai in ya gane yarinyar da ta kawo talla. In kuwa ya sha cikinsa ya ɓaci, babu wanda zai kama, sai ya yi wa sana'ar kuɗin goro, ya ce zoɓon talla duk ƙazanta ne. Da haka mai tsabta take biyan bashin da ba ta ci ba, ƙazama kuma take fakewa a bayan ƴar'uwarta.

Abin da rashin suna ya taɓa ja mana

Ƙasar nan tamu ta daɗe da sanin hasarar da ke cikin sayar da kaya babu suna. Jar akuyar nan ta Maraɗi da Sakkwato, fatarta tana cikin waɗanda duniya ta fi yabawa wajen laushi da ƙarko. Shekaru aru-aru fatake na ɗaukar jemammiyar fatar ƙasar Hausa a bayan raƙuma, su ƙetare Sahara da ita zuwa Afirka ta Arewa, daga can ta shiga jiragen ruwa zuwa Turai, inda ake yi wa littattafai masu tsada bango da ita. To da wane suna Turawa suka san ta? Fatar Maroko. Makiyayinmu ya yi kiwo, majeminmu ya sha warin jima, suna ya tafi ga mai tashar jirgin ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka zancen aya yake a yau. Jihar Maraɗi ita ce kan gaba a Nijar wajen noman aya, musamman wajajen Agye da Gazawa. Ana lodinta buhu-buhu zuwa Nijeriya, wata ma har ƙasar Sipaniya take kai, inda mutanen Balansiya ke yin wani farin abin sha da aya mai kama da kununmu. Su ayar da suke nomawa a ƙasarsu sun yi mata rajista da sunan Balansiya, doka ta tsare sunan, tambari ya hau kwalba, daraja ta ƙaru. Tamu kuwa tana fita cikin buhun da ba a rubuta komai a kai ba, balle a san gonar da ta fito.

Darasi daga masu giyar inabi

In ana zancen takardar kwalba, babu waɗanda suka kai manoman inabi na Faransa ƙwarewa. Abin da suke zubawa a kwalbar ba abin shan mafi yawanmu ba ne, kuma ba tallarsa muka zo yi ba. Abin da ya kai su ga tsare suna shi ne abin dubawa, domin ilimi kayan mumini ne da ya ɓace, duk inda ya gan shi sai ya ɗauka.

A cikin shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, filoksera, ya shigo Faransa daga Amurka, ya yi ta cinye gonaki har wajen ƙarshen ƙarnin. Da kaya suka yi ƙaranci sai ƴan algus suka samu kasuwa: a ƙara ruwa, a ƙara sukari, a zuba launi, a rubuta sunan garin da ya yi fice a sayar. Ko bayan da gonaki suka farfaɗo jabu bai bar kasuwa ba, farashi ya faɗi warwas, manomin gaskiya ya rasa na abinci. Gwamnati ta yi dokar hana algus a ranar 1 ga Agusta 1905, amma ba ta wadatar ba. A shekarar 1907 manoman kudancin ƙasar suka yi bore, dubban ɗaruruwa suka cika titunan birnin Monpeliye, har aka yi wata doka a watan Yuni na shekarar mai hana ƙara ruwa da wuce iyaka wajen sukari. A 1911 manoman yankin Shampanyi su ma suka tayar da ƙura a kan wane ne ke da ikon amfani da sunan yankinsu. Sai a ranar 30 ga Yuli 1935 aka kafa tsarin da ake kira AOC, wanda ya ce ba mai rubuta sunan wuri a jikin kwalba sai in a wurin aka noma, kuma bisa ƙa'idar wurin aka sarrafa.

Ado daga baya ya samu gindin zama. Gidan Mouton Rothschild, tun daga 1945, kusan kowace shekara sai ya sa zanen wani shahararren mai zane a takardar kwalbarsa, har zanen Picasso ya hau ta 1973. Amma a lura da yadda abin ya jeru: sai da aka tabbatar rubutun gaskiya ne sannan ƙawar ta yi amfani. Mu ma da haka ya kamata mu jera namu.

Abin da ya wajaba a rubuta

Ba sai mun ƙirƙiro ƙa'ida ba. Hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, da ta lafiya, OMS, sun kafa wani kundi a 1963 mai suna Codex Alimentarius, kuma a 1985 aka fitar da babin da ya shafi rubutun jikin abincin da aka ƙunshe. Abin da ya nema bai fi ƙarfin matar da ke dama kunu a tsakar gidanta ba.

Na farko, sunan abin da ke ciki, a fili: zoɓo, kunun aya, man gyaɗa. Suna na ƙawa kamar "Sanyin Rai" ba laifi ba ne, amma ba ya tsayawa a madadin sunan gaskiya.

Na biyu, kayan haɗi, a jere daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta: ruwa, sukari, zoɓo, citta, kanumfari. In an sa garin ƙamshi na leda ko launi na kanti, a faɗa. Wannan ba tona asirin sana'a ba ne, tunda ba a ce a bayyana ma'aunin kowanne ba. Mai ciwon sukari yana da hakkin ya san abin da zai kai bakinsa, haka wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara.

Na uku, yawan abin da ke ciki, da lita ko santilita. Mun saba da cewa "kwalba ɗaya", alhali wata kwalbar santilita 75 take ci, wata 90, wata lita cif. Masu sayen man gyaɗa sun fi kowa sanin gardamar da wannan ke haddasawa. Yadda tiya ta zama abin dogaro a kasuwar hatsi, haka ya kamata lamba ta zama a jikin kwalba.

Na huɗu, sunan mai kaya da unguwarta, da lambar tarho. Matar da ba ta son sunanta na yanka ya fita waje tana iya amfani da sunan sana'a ko na ƙungiyarsu, muddin in an nema za a same ta.

Na biyar, kwanan wata: ranar da aka yi, da ranar da bai kamata a wuce ba. Wannan shi ne mafi muhimmanci a ƙasa mai zafi irin tamu, inda a watan Afrilu da Mayu awon zafi kan haura 40. Kunun aya da ba a dafa ba, in ya bar sanyi, ba ya kai yamma bai fara tsami ba. Ko a firigo kwanakinsa ƙalilan ne, kuma kowa ya san wutar lantarki ba ta da alkawari. Saboda haka a bar gurbi fari a takardar, a riƙa rubuta ranar da biro ko a buga ta da hatimi kowace safiya. A ƙara da gargaɗi gajere: "A ajiye cikin sanyi. A girgiza kafin a sha."

Yadda za a tsara ta

Kuskuren da ya fi yawa a ƴan takardun da ake gani yanzu shi ne cunkoso. Yaron da ke aiki da kwamfuta a shagon buga takardu yakan so ya nuna gwaninta: launi bakwai, rubutu iri biyar, hoton tufa da inabi da aka kwaso daga intanet, alhali babu ko ɗaya cikinsu a kwalbar. Wanda ke tsaye a tasha, mota na shirin tashi, ba shi da lokacin warware wannan. Ga abin da ya fi dacewa.

A zaɓi alama guda mai sauƙin faɗa da baki. Mutanenmu da yawa ba su karatun boko, kuma tun da daɗewa da hoto suke kiran kaya: batir mai kan damisa, Maggi mai tauraro. To mai zoɓo ta zaɓi nata, ko tulu, ko ludayi, ko barewa, ko jar akuya, yadda maigida zai aiki yaro ya ce, "Sayo mini mai tulu," kuma yaron ba zai yi ɓatan kai ba. Alamar ta zama babba, a sama, kuma kada a riƙa sauya ta duk lokacin da aka sake bugu.

A rubuta da Hausa. Kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to abin kunya ne a ce kwalbar zoɓon Mokoyo tana magana da Faransanci kaɗai, shi ma mai cike da kurakurai. Sunan kaya da kwanan wata su zo da Hausar boko, a maimaita sunan da ajami saboda ɗimbin waɗanda suka yi makarantar allo, sannan Faransanci ya biyo da ƙananan haruffa domin baƙi da ma'aikatan bincike. A tabbata mai bugawa yana da haruffanmu masu ƙugiya, don kada zoɓo ya koma zobo, ƙanƙara ta koma kankara.

Launi biyu sun isa. Baƙin rubutu a kan farar takarda ya fi komai fitowa, ga arha. Kada takardar ta naɗe kwalbar duka, domin jan zoɓo da farin kunun aya su ne tallar farko, kuma mai saye yana son ya ɗaga ya ga ko akwai gurɓata a ƙasa. Gani ya kori ji.

A tuna cewa cikin ruwan ƙanƙara kwalbar za ta wuni. Takarda zalla da aka liƙa da ƙaro ko kullun rogo ba ta awa guda sai ta saɓule, tawadar ƙananan injunan buga takarda na ofis kuma tana zuba da ta ji ruwa. Mafita uku ce: ko a buga a kan takardar roba mai manne kanta, ko a buga da inji mai garin tawada sannan a rufe da faffaɗan salatif, ko a rataya ƴar takardar da zare a wuyan kwalba. Kafin a biya kuɗin bugu mai yawa, a jiƙa guda ɗaya a bokiti ta kwana, a gani.

Kuɗin bai kai yadda ake tsoro ba. Fallen takardar ofis guda, mai santimita 21 a faɗi da kusan 30 a tsawo, yana fitar da etiket goma masu kyau. A ce an buga fallen a dala ashirin, kowace ta tashi dala biyu ke nan. In mata goma suka haɗa kuɗi suka buga dubu a lokaci guda, sai ya ƙara sauka.

Abin da bai halatta a rubuta ba

Kada a mayar da abin sha magani. An fara ganin kwalabe masu cewa suna warkar da hawan jini, da basir, da ciwon sukari, da abin da kunya ba ta bari a faɗa a jarida. Wanda ya gaskata ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa, in ya faɗi, alhakinsa yana wuyan wanda ya yi rubutun.

Kada a ƙirƙiro lambar hukuma. Masu kai kaya Jibiya da Katsina sun san cewa a Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da lambar rajistar abinci da magani, kuma masu saye a can sun saba dubawa. Kwafo lambar wani, ko shirya ta ƙarya, laifi ne da ke kai mutum gidan kaso, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kada a bar tsohuwar takarda. Yawancin gorunan da ake zuba zoɓo na ruwan kanti ne da aka tsinto, suna ɗauke da sunan kamfanin da bai san da zancen ba. A ɓare ta, a wanke gorar da sabulu da ruwan jabel, a ɗauraye sosai. Kwalbar da ta taɓa cin fetur, ko maganin ƙwari, ko maganin asibiti, ba ta da wanki, a fasa ta. Wanda ya samu hali ya sayi sababbin goruna masu murfin da ba a taɓa buɗewa ba.

Sannan a sani takarda ba ta tsarkake abin da ke ciki. Cutar amai da gudawa da ta ɓarke a yankin Madarunfa a 2018, ta sake dawowa jihar nan a 2021, ta ruwa da hannu marar tsabta take yaɗuwa, shi ya sa tafasa ruwan haɗi da tsabtar ƙanƙara suka zama tilas. Akwai kuma abin da tafasawa ba ta kawarwa. Mutanen Tibiri ba za su manta da rijiyar burtsatsen da aka haƙa a garinsu ba, wadda ruwanta garau yake a ido, amma sinadarin fuliyor ya yi masa yawa, har ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa kafin a farga. Ido ba ya awon ruwa, sai ɗakin bincike. Duk wadda sana'arta ta girma har tana cika ɗaruruwan goruna a rana, ya kamata ta kai samfur a auna kafin ta rubuta kalmar "tsabtatacce".

Tsoron patanti, da aikin hukuma

Akwai wata hujja da masu sana'ar ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa, ranar da ka rubuta sunanka da unguwarka, ranar ka nuna wa mai karɓar patanti ƙofar gidanka. Matar da jarinta bai wuce jika biyar ba, in aka ce ta yi rajista, ta biya awo, ta biya haraji, sana'ar ta mutu ke nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji su.

Nan ne maganar ta dawo kanku, ma'aikata. In aka mayar da etiket tarkon kama masu gaskiya, to kowa zai koma kwalba marar suna, kuma ranar da annoba ta tashi ba wanda zai iya bin sawun inda ta fito. Abin da ya dace shi ne ma'aikatar magajin gari da ma'aikatan tsabta su buɗe rajista mai sauƙi, kyauta ko kusa da kyauta, su ɗaga wa ƙananan masu sana'a ƙafa na ƴan shekaru, su koyar kafin su hukunta. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna suna da masanan da za su iya auna kwana nawa zoɓo ko kunun aya ke yi a zafinmu, su fitar da amsar da Hausa a takarda guda, maimakon kowa ya riƙa rubuta kwanan da ya ga dama. Hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya da ɗakin awo na LANSPEX kuwa, hidimarsu ta riƙa isowa jihohi da farashin da ƙaramin mai sana'a zai iya, domin ba kowace mace ce za ta iya ɗaukar gorar kunu ta yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai ba.

Ku kuma alhazai da masu kantuna, ƙarfin yana hannunku fiye da yadda kuke zato. Ranar da mai kanti ya ce ba ya sa kwalba a firigonsa sai mai suna da kwanan wata, kuma ya yarda ya ƙara dala ɗaya ko biyu a kan wadda ta cika sharaɗi, kasuwa da kanta za ta gyara abin da doka ta kasa. Haka masu shirya taro a ofisoshi da masu biki: ku nemi mai suna.

Hanyar tsare suna a buɗe take. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma rajista guda a can tana aiki a ƙasashe 17. A 2013 ƙungiyar ta tsare sunayen masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziyama-Masenta na Gini. A farkon shekarun 2020 namu suka bi sahu: albasar Galmi, da kilishin Nijar, da cuku, da kuma fatar jar akuyar Maraɗi, wadda bayan ɗaruruwan shekaru tana yawo da sunan aro ta samu a kira ta da sunan gidansu. Mace guda ba za ta iya kuɗin irin wannan rajista ba, amma ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa, ko manoman zogale na Jiratawa, ko masu ayar Agye, suna iya haɗuwa a kan tambari guda, su rubuta ƙa'idar da duk mai son ɗora shi zai bi, su kuma kori wanda ya saɓa.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wadda ta liƙa sunanta a jikin kwalba ta ɗaure kanta da alkawari, ba za ta ƙara ruwa ba ranar da sukari ya yi tsada, ba za ta mayar da kwantan jiya cikin na yau ba, domin ta san za a dawo mata. Ladanta kuwa shi ne mai saye zai neme ta da suna, ya biya ba tare da dogon ciniki ba, ya kuma faɗa wa maƙwabcinsa. Kafin azumi mai zuwa, kowace mai sana'a ta samu alamarta da gurbin kwanan watanta, kowane mai saye kuma ya juya kwalba ya duba kafin ya buɗe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.